Jar Lakar Rijiyar Nomau

Bungudu,
Ran Laraba, damina ta zauna.

Zuwa ga Innar Ladidi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina tambayar jikinki. Yaya ƙarfin ƙafafun, yaya cin abinci, zazzaɓin bai sake leƙowa ba ko? Ki gaishe da Ladidi da maigidanta Abdurrahman da yara duka. Mu nan lafiya lau. Gero ya kai gwiwa, jar akuyarki ta haifi biyu.

Takardarki ta iso ta hannun Sani direba. Na gode wa Allah da Ladidi ba ta iya karanta ajami ba, don abin da zan faɗa ba na kunnen ɗiya ba ne. Ni ban shiga boko ba, allon ma ban yi nisa ba, amma na iya ƙirga layi. Layi goma sha tara kika rubuto. Uku nawa ne, biyu na akuya, sauran duk na ruwan gidan Ladidi ne da mutumin da ya kawo abin tace shi.

Kin ce da Alhaji Bashir na Tsafe ya ji an kwantar da ke asibiti da taifot, sai ya aiko da filta daga shagonsa na Gusau, aka ɗaura a bututun gidan kyauta. Kin ce tun da kike ba ki taɓa ganin ruwa ya fito daga famfo garau haka ba. Kin rubuta Alhaji, kin kuma rubuta Allah ya saka masa. Ni ban san wani Alhaji ba. Bashir mai keke na sani, wanda shekarar da aka canja fam zuwa naira yake jingina sabon kekensa a ƙofar gidan mahaifinki a Tsafe, yana kaɗa ƙararrawa kamar mai tallan kananzir. Ni kuwa ginan rijiyar masallaci ya kai ni garinku, laka har kunne. Shi rediyo ya yi maki alkawari. Ni na ce zan gina maki rijiya a tsakar gida, ba za ki taɓa ɗaukar tulu zuwa gulbi ba. Kin san wanda kika zaɓa.

Kuma na cika. Gaba tara na nutsa: biyu baƙar ƙasa, uku marmara, ɗaya jan yumɓu, sannan tsakuwa, sannan farin yashi mai ruwa. Rijiya ɗari da arba'in da ɗaya na gina tsakanin Bungudu da Wanke da 'Yankuzo, kowacce zan iya gaya maki zurfinta da ɗanɗanonta da sunan wanda ya fara sha. Babu wadda ta kai taki. Shekara hamsin da ɗaya baƙi na shan ruwan randarki suna tambayar wa ya gina rijiyar gidan ga.

Yanzu wai Ladidi ta ce ba za ki dawo ba sai an sa filta a gidana. Bara da Abdurrahman ya kafa mana tanki da injin jan ruwa na yi shiru, don na ga guga ya fara yi maki nauyi. Tun tafiyarki ma ruwan ya ɗan yi duhu, kuma na san injin nan ne yake dama shi. Amma a ce ruwana sai an tace shi da kayan Bashir? To, ga abin da zan yi. Zan sayo filtar da kaina, ba daga shagonsa ba. Zan ɗaura ta wata guda cur, sannan in aiko maki da abin cikinta fari kamar yadda aka sa shi. In kin gani da idonki, sai ki gaya wa Ladidi ta haɗa maki kaya.

Gidan ya yi mani girma. Ki sha maganinki.

Naki,
Nomau mai ginan rijiya.

Bungudu,
Ran Asabar.

Zuwa ga Innar Ladidi,

Gaisuwa mai yawa, da fatan jiki yana ƙara sauƙi, da fatan su Ladidi suna lafiya. Ina nan ƙalau, sai ɗan ciwon ƙugu da kika sani.

Na shiga Gusau ran Alhamis ban biyo gidan Ladidi ba, kada ki yi fushi. Na san in na zo za a miƙo mani ruwan can a kofi, ana kallon bakina a ji me zan ce.

Shagon wani Luka na je, mutumin kudancin Kaduna, mai fara'a, Hausarsa ta fi ta jikokinmu. Ya zaunar da ni ya baje mani kayan. Abin da yake kama lakar suna ce masa kyandir, ko da yake ba a kunna shi. Fari ne, mai rami a tsakiya, ana zura shi cikin wata kwalbar roba da ake ɗaurawa a bututu. Akwai gajere, taƙi ɗaya da ɗan kai, akwai dogo da ya ninka shi. Akwai wanda aka naɗe da zare kamar kwarkwaron masaƙa, akwai mai kama da dunƙulen auduga, akwai mai ninki-ninki da ake iya wankewa. Kowanne da lambarsa. Luka ya ce ƙaramar lamba ita ce matsattsiyar saƙa. Lamba ashirin tana kama yashi da manyan ƙura, lamba biyar tana kama ƙanana, lamba ɗaya kuwa ko garin da ido bai gani ba ta bari ya wuce.

Ya tambaye ni ruwan burtsatse ne ko na rijiya. Na ce na rijiyata. Ya ce Baba, rijiya da damina sai an jera biyu, ashirin a gaba biyar a baya, in ba haka ba abin zai toshe kafin ka gama gaisawa da maƙwabta. Na ce masa ba rijiyata ya sani ba. Sai na tambaye shi wace lamba mutanen wancan shagon suka saba ɗaura wa gidaje, ya ce biyar. Na ce ba ni ɗaya. Ya yi dariya har ya dafa kanta, ya ce Baba faɗa kake da wani ko ruwa kake son sha? Na ce shi dai ya ba ni.

Kwalbar ma mai haske na zaɓa, wadda ake hangen ciki, don duk wanda ya shigo gidan ya ga farin da idonsa. Salisu mai gyaran famfo ya ɗaura ta ƙarƙashin tanki, na tsaya a kansa har ya gama. Luka ya ja kunnena cewa kyandir laka kawai yake tarewa, ba ya kashe cutar da ke cikin ruwa, don haka naki na sha sai an tafasa. Wannan na yarda, don likita ma ya faɗa.

Sani ya ce ya ga motar shagon Bashir a ƙofar gidan Ladidi ran Talata. An ce duba filta aka zo yi. Filtar da ba ta yi wata biyu ba, me za a duba mata? Shi da kansa ya zo ko aike ya yi? Ba wai na damu ba, tambaya ce kawai. In da kansa ne, ki tuna kina jinya, ba dole ba ne ki fito gaisuwa.

Ki fara ƙirga kwanaki daga yau.

Naki,
Nomau.

Bungudu,
Ran Litinin.

Zuwa ga Innar Ladidi,

Sallama da gaisuwa, da fatan kin tashi lafiya ke da mutanen gidan.

Wata ya cika. Ga kyandir nan cikin leda na ba Sani. Ki ɗaga shi a rana, ki juya shi ta ko'ina, ki kira Ladidi da Abdurrahman su gani. In mai keke ya sake zuwa duba abin da bai lalace ba, shi ma a nuna masa. Lamba ɗaya ce, ku karanta a jikinsa, ta fi tasa matsi sau biyar.

Ba ni da dogon bayani yau, aikin gona ya yi yawa. Ki gaya mani ranar da zan sa a share ɗaki.

Naki,
Nomau.

Bungudu,
Ran Juma'a, bayan an sauko.

Zuwa ga Innar Ladidi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina tambayar jikinki, ina roƙon Allah ya ƙara maki lafiya. Ni lafiyata lau, in ban da abin da takardarki ta yi mani.

Sau huɗu na karanta. Kin ce ba ki nuna wa kowa kyandir ɗin ba, kin sa shi ƙarƙashin katifa, don kina kallonsa kika san ruwan rijiyarmu bai taɓa ratsa shi ba. Gaskiya kika faɗa. Sabo ne. Na koma wajen Luka na sayo shi, na jiƙa shi da ruwan leda, na aiko maki. Da furfurata na yi wannan.

Na gaskiyar kwana shida ya yi. Ran farko fari, rana ta uku ya yi ruwan ƙasa, rana ta shida famfo ya koma ɗiga kamar hancin mai mura. Na lulluɓe kwalbar da buhu don kada Salisu ya gani ya kai kasuwa. Da na kwance ta na zaro shi, sai ga shi ja wur, laka ta yi masa riga. Na lakato da yatsa na sa a harshe. Innar Ladidi, na gane ta. Jan yumɓun gaba ta shida ne. Sama da ƙasa duk na ɗaure da siminti, wannan gaba ɗaya na bar ta tsirara, don na ga ta yi tauri kuma ana gaggawar a kawo ki. Na ce zan koma in ɗaure ta bayan biki. Ban koma ba, saboda ruwan da nake sha kullum garau yake. Na ɓoye kyandir ɗin cikin rumbu, na ce wa raina laifin inji ne.

Sai ga takardarki. Wai tun makon farko da aka kawo ki kika ga ruwan yana ja, da damina har moɗa tana yin kunu a gindi. Wai kullum in na fita masallaci da asuba kina tace shi da farin ƙyalle cikin randar bayan ɗaki, ki daka 'ya'yan zogale ki zuba, ya kwana ya kwanta, sannan ki juye na saman a randar zaure da nake sha ni da baƙina. Shekara hamsin da ɗaya. Ni da nake tuna zurfin rijiyar kowa a ƙasar ga, ban san me randa ta biyu take yi a gidana ba. Na ɗauka ta wanke-wanke ce. Zogalen nan da na yi ta cewa a sare don yana zubar da ganye a rijiya kina hanawa, ashe ga dalili.

Kin ce kin yi shiru ne don da ruwan gidana ake ba ni aiki, in aka ji rijiyar magini ja take, wa zai kira shi? Kin kuma ce ba Ladidi ce ta hana ki dawowa ba, ke ce kika ce ta faɗa, saboda tun ciwon nan hannunki ba ya iya ɗaga tulu, kuma ba za ki iya zama kina kallona ina miƙa wa baƙo jan ruwa ba. A wannan layin na daɗe ban wuce ba.

Amma bari in tambaye ki, kuma ki ba ni amsa tsakaninki da Allah. Bashir ya san da maganar ƙyallen nan? Shi ya sa ya aiko da filta ba atamfa ko lemo ba kamar sauran masu dubiya? In har ya riga ni sanin abin da ke bayan ɗakina, gara ki gaya mani in san irin zaman da zan yi.

Sharaɗinki kuma ya yi tsauri. Wai in ɗauki jan kyandir ɗin da hannuna in kai wa Bashir shagonsa, ya duba ya zaɓa mana wanda ya dace, ranar da na yi haka ki haɗa kaya. Luka bai isa ba? Kin ce Luka ya faɗa na ƙi ji, kuma kin gaji da zama tsakanin tsofaffi biyu, ɗaya yana gaba da ɗayan a kan keken da ya daɗe da zama ƙarfen jari-bola. Ke kika ce ya zama. Ni har yau ina jin ƙararrawarsa.

Ba zan je ba. Ko dai in ce, zan yi tunani.

Na nemo ƙyallen, na same shi rataye bayan randa. Na gwada yi da kaina jiya, rabin ruwan a ƙafata ya ƙare.

Naki,
Nomau.

Bungudu,
Ran Talata.

Zuwa ga Innar Ladidi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kin kwana lafiya, da fatan ƙarfi yana dawowa. A gaishe da Ladidi da maigidanta da yara.

Na ji amsarki cewa ba wanda ya taɓa sanin maganar ƙyalle sai ke da Allah. Na yarda. Da wannan na samu ƙafar zuwa.

Na je jiya. Sau biyu na wuce ƙofar shagon kamar mai neman wani wuri, a na uku ɗansa Ashiru, wanda yake riƙe da shagon yanzu, ya fito ya ce Baba ko ɓata ka yi? Na shiga. Ga mutuminki a kujerar roba, ƙafafu sun kumbura, haƙoran gaba babu. Ban ji daɗin ganinsa haka ba, amma ba zan ce na yi baƙin ciki sosai ba. Yana ɗaga ido ya ce a'a, Nomau na cikin rami, yau an fito sama? Na ce mai keke, ina ƙararrawa? Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Na kwance ledar na ajiye masa a cinya. Na shirya ya yi mani dariya, na ma tanadi abin da zan mayar. Bai yi ba. Ya sa aka kawo wuƙa ya tsaga kyandir ɗin biyu, ya nuna mani: bayan ja, cikin fari fat. Ya ce lambar ta yi matsi da yawa, lakar ba ta samu shiga ba, ta tsaya a ƙofa ta toshe, ga shi tankinmu ba shi da tsawon da zai turo ruwa da ƙarfi. Ya ce a jera kwalba biyu dogaye, ta farko mai ninki lamba ashirin da za a riƙa wankewa, ta biyu lamba biyar. Abin da Luka ya faɗa ke nan, ba ƙari ba ragi. Wannan ya fi komai ba ni haushi.

Ya ce zai riƙa turo Ashiru duk wata uku ya canja mana. Na ce ba mai taɓa ruwan gidana, a koya mani. Ya koya mani, na maimaita a gabansa har sau uku. A rufe ruwa daga tanki, a buɗe famfo ya tsiyaye, a kwance kwalba da sufanar roba, a wanke cikinta, a duba zoben baƙar robar da ke bakinta kada ya tsage ko ya goce, a zaunar da sabon kyandir daidai, a ɗaure da hannu ba da ƙarfin tsiya ba, a bar ruwan farko ya zube. Da zarar famfo ya rage gudu ko jan ya yi yawa, a canja, kada a jira wata uku. Salisu ya ɗaura su yau da safe. Ruwan yana fita garau, na ɗanɗana, na rijiyarmu ne, ɗanɗanon farin yashin yana nan. In rani ya yi ruwa ya ja baya, zan sa a sauka a ɗaure gaba ta shida ina tsaye a baki.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne ya hana ni cin tuwo jiya. Mutumin nan sau huɗu ya ambaci sunanki. Yaya jikin wance, ka gaishe da wance, wance ba ta son ruwa mai ɗumi. Haka kawai, a gaban ɗansa, kamar yana kiran ƙanwarsa. Na ce masa matata tana da suna a wajen manya, Innar Ladidi ake cewa. Ya ce shi a Tsafe ya san ki, kafin a yi Ladidi. Ke auren farina ce, kunya ba ta taɓa barin sunan nan ya fita daga bakina ba. Kafin a haifi yara “ke” kawai nake ce maki, bayan an haife su na fake da su. A mota duk hanyar Bungudu ina ta juya abin, mai keke yana da abin da ni ba ni da shi.

Na cika sharaɗi. Na sa an share ɗaki, an wanke randar zaure, ta bayan ɗakin kuma na kife ta. Na sayo sabuwar tukunyar tafasa naki ruwan, ni zan riƙa ɗorawa. Sani zai zo ƙofar gidan Ladidi ran Alhamis da hantsi, ni ne a kujerar gaba, kada Ladidi ta tsaya dafa mana komai.

Bakina bai iya ba tukuna, na gwada a gona inda ba kowa, ya ƙi fita. Bari in fara da alƙalami.

Zulai, ki dawo gida.

Naki har kullum,
Nomau.